Akuyar da Na Yanka a Kuta

Shekara da shekaru mutanen unguwarmu ta Limawa a Minna suna yi mini kallon mai yawan azumi, alhali kuwa ba tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba, abinci ne ba na iya ci a gaban mutane. Ban san ranar da abin ya soma ba. Na dai san tun ina saurayi, muddin aka ajiye kwano aka ce bismillah, kuma akwai ido a wurin, sai in ji maƙogwarona ya rufe ruf. Hannu ya kama rawa, gumi ya keto mini, lomar da na kai baki ta yi ta juyawa ta ƙi wucewa. Sai in ga kamar kowa ya bar abin da yake yi yana sauraren yadda nake tauna. In ni kaɗai ne a ɗaki kuwa, sai in tashi da malmala biyu in leƙa ko akwai saura.

A layinmu, inda yawanci 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan reluwe ne, ana ciyayya. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, a haɗu a ci. Da na yi aure ya zama dole kwanona ya fita. Kwanon yana fita kullum, mai kwanon ne ba ya fita. Na fara da cewa gyambon ciki gare ni, likita ya hana ni yaji. Bayin Allah suka sa matansu rage barkono saboda ni. Da na ga wannan hanyar ta toshe sai na koma azumi. Da rana in ce ina azumi, da yamma in ce na sha ruwa a cikin gida har na cika ciki. Litinin da Alhamis suka yi mini kaɗan, na ƙara da na tsakiyar wata, na ƙara da waɗansu da ni kaina ban san sunansu ba. Kafin a jima an fara kirana Malam. In an yi suna a layin ni ake cewa in yi addu'a, in yi ta da rawar murya, mutane su ɗauka imani ne ya ratsa ni. Wani lokaci kunya takan sa in wuni ban ci komai ba da gaske, don ƙaryar ta ragu. Matata kaɗai ta san gaskiya. Takan ajiye mini abinci a ɗaki ta ja ƙofa ta fita, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Bayan Minna ta zama babban birnin jiha na sami aikin buga tafireta a wata ma'aikata. Aikin ya yi mini, don ni da takarda ne, takarda kuwa ba ta kallon mutum. A nan na haɗu da wani akawu mutumin Kuta, Gbagyi ne, Kirista, teburinmu yana haɗe. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, in ya yi ta sai an ji a ofishi na gaba. Ban san abin da ya gani a jikina ba, ya dai ɗauke ni aboki. In oga ya kira ni don wani kuskure, shi yake shiga gaba ya yi bayani ina bayansa. In an tashi ya goya ni a babur ɗinsa har ƙofar gida. Ranar sunan ɗiyata ta fari shi ya yi ta jidar benci tun da sassafe. Ba ni da wani aboki a duniya sai shi, kuma na san da haka.

Kullum da rana yakan buɗe langar da matarsa ta zubo masa, ya turo ta tsakiyar tebur ya ce, “Malam, bismillah.” Ni kuma in ce alhamdu lillahi. Wata rana ya daɗe yana kallona, sai ya ce, “Naman nan a wurin mahautan kasuwa madam ta saya. Yankan Musulmi ne.” Nan take na gane inda hankalinsa ya tafi. Magana ɗaya ce za ta raba gardama, amma na kasa faɗarta. Yaya ƙato da gemu, mai mata da 'ya, zai buɗe baki ya ce tsoron cin abinci yake yi? Na ce masa ai na sani, azumi ne kawai. Ya gyaɗa kai ya ja langarsa.

Da Kirsimeti ta matso ya ce lallai bana sai na je Kuta na gaida mahaifiyarsa. Tun da saura mako ya ja mini kunne cewa kada in ɗauko azumi ranar. Da safe da ya zo ɗaukata, sai da ya yi sallama da matata daga zaure ya tambaye ta ko maigida ya karya. Ta ce ya sha koko da ƙosai. Ya yi dariya ya ce to yau an kama Malam. Na hau bayan babur, duk tsawon hanyar nan ina ta addu'ar taya ta fashe, ba ta fashe ba.

Gidansu babba ne, ga rumbuna, ga doya an tsibe a inuwa. Mun tarar da mahaifiyarsa tana sauke itace daga kafaɗarta, wata 'yar tsohuwa siririya mai ƙarfi. Ta riƙe hannun rigata tana cewa, “Kai ne Malam? Kullum yana maganarka. Ka zo gidanka.” Na lura an kwashe tulunan burkutu an kai bayan gida don kada idona ya gani. Al'adarsu ce in suna da baƙi Musulmi su kira wani Musulmi ya yi musu yanka, don kowa ya ci hankali kwance. To a ranar abokina bai kira kowa ba. Ya jawo wata akuya mai ƙiba, ya miƙo mini wuƙa, ya ce, “Kai za ka yanka da hannunka.” Ya nuna mini tukunyar da za a dafa, sabuwa fil, ko baƙin wuta babu a gindinta. Kwanon da za a zuba mini ma takardar kanti tana manne a jikinsa. Na fuskantar da akuyar alƙibla, na yi bismillah na yanka. Hannuna ko gezau bai yi ba, don yanka ba ci ba ne.

Aka daka sakwara, aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Kawunansa suka zauna, ƙannensa suka zauna, maƙwabta suka shigo. Tsohuwa ta kawo kwanona da kanta, ta ɗora hanta a sama, ta ja gefe ta tsaya tana murmushi. Ba wanda ya sa hannu, baƙo ake jira ya fara. Na wanke hannu. Na gutsuro loma, na dangwali miya, ina ganin miyar tana ɗiga a hanya saboda rawar hannu. Na kai baki. Na tauna, na tauna, ta ƙi wucewa. Sai na ji zuciyata ta taso, amai yana neman ƙwace mini. Na miƙe da sauri na zaga bayan rumbu na tofar. Da na ɗago kai sai muka haɗa ido da tsohuwa, ashe ta biyo ni da ruwa a moɗa, ta ɗauka ƙwarewa na yi. Ta kalli abin da na tofar a ƙasa, ta kalle ni.

Na dawo na ce cikina ne. Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauke kwanon, ta ce wa ɗanta, da Hausa don in ji, “Ka bar shi. Wuƙa nasa ne, tukunya sabo ne. Hannuna ne ya rage.” Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode wa Allah. Amma ko a nan ban faɗi gaskiya ba. Na zauna kaina a ƙasa har suka gama cin abin da suka iya ci, muka hau babur muka dawo Minna.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ci gaba da gaishe ni da safe, ya ci gaba da kirana Malam, sai dai yanzu babu dariya a ciki. Da rana yakan ɗauki langarsa ya fita baranda. Bayan 'yan watanni ya nemi a mayar da shi aiki can wajen garinsu, aka mayar da shi. Ranar da zai tafi ya ba ni hannu kamar yadda ya ba masinja.

Daga nan ciwon da nake ƙaryarsa ya kama ni da gaske. Na rame, cikina yana ƙuna, ba na barci sosai. Matata ta matsa muka je asibiti. Likita ya tambaye ni yadda nake cin abinci, na fara kame-kame, sai kawai ta karɓe maganar ta zayyane masa komai, har da azumin. Na harare ta, ta ƙi kallona. Likitan ya rubuta mini maganin ciki, sannan ya ce akwai wata sista, ma'aikaciyar jinya, da ta karanci ciwon damuwa, tana tara masu irin matsalata duk ranar Laraba da yamma a wani ɗaki can baya, su zauna su tattauna. Na san ɗakin. Kusa yake da inda ake ganin masu taɓin hankali. A hanyar gida na yi ta faɗa, na ce ta kai ni ta tona mini asiri, yanzu an haɗa ni da mahaukata. Ta bari na gama, sannan ta ce, “To zauna haka, mu ga wanda zai fi ka hauka nan da baɗi.”

Na je. Amma sai da na ɗauki fulas a hannu kamar mai zuwa dubiya, na zaga ta bayan ɗakin wanki, na tsaya na duba gabas da yamma kafin in shiga. Benci ne aka jera a zagaye, mu ba mu da yawa. Sistar wata mace ce mai jiki, ba ta da wasa amma ba ta da tsawa. Dokarta biyu ce: abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin zai tsaya, kuma ba a tilasta wa kowa magana, zuwa dai shi ne dole. Mutum uku na fi tunawa. Akwai wani hedimasta da yake iya tsayawa gaban yara ya yi ta bayani, amma in manya ne sai harshensa ya ɗaure. Akwai wani baba, tsohon mai ba jirgin ƙasa hannu da ya yi aiki a tashar Zungeru, wanda ya daina zuwa masallacin Juma'a saboda taro. Sai wata madam mai sayar da doya, ita ma Gbagyi ce, wadda tun da mijinta ya rasu ta kasa zama a rumfarta, in mai saye ya tsaya sai ta ji kamar ta ruga.

Makonni na yi ina zuwa ban ce komai ba. Ina zaune ina yi musu kallon marasa lafiya, ina gaya wa kaina ni dai ciwon ciki ne ya kawo ni. Sai ranar da hedimasta ya ba da labarin yadda aka yi taron iyayen yara a makarantarsa, ya shige bayi ya kulle kansa har aka watse, yana jin ana cigiyarsa. Baba ya fashe da dariya, madam ta rufe baki da gefen zani, shi kansa hedimastan ya yi dariya har da hawaye. Ba dariyar raini ba ce, dariyar wanda ya san wurin ce. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ni kuma abinci ne ba na iya ci a gaban mutane, kuma azumin da ake ganin ina yi yawancinsa ƙarya ne. Na faɗa idona a kan takalmina, ina jiran in ji an yi salati. Baba ya ce, “Shi ke nan? Ni na ɗauka kisan kai ka yi, yadda kake zama.”

Sista ta ce abin da ke damuna sananne ne a wurin likitoci, ba ni na fara ba, ba kuma aljanu ba ne. Ta ce tsoro kamar karen unguwa yake, in ka ruga ya bi ka, gobe ma ya jira ka a wurin. Magani shi ne a tsaya masa, amma kaɗan-kaɗan. Mako na gaba ta zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙunshe. Ta sa kowa ya juya mini baya, ta ce in ɓare in ci. Ƙwaya ɗaya tak, amma sai da rigata ta jiƙe. Bayan nan aka ce mutum ɗaya ya juyo, daga baya biyu. Har ta kai ana tsayar da hedimasta ya yi mana jawabin maraba muryarsa tana rawa, ni kuma ina gabansa ina tauna gyaɗa hannuna yana rawa, shi yana kallona ina kallonsa. Duk wanda ya leƙo ta taga a lokacin ba zai yi musun cewa ɗakin mahaukata ne ba. Amma gyaɗar tana wucewa.

Sai aka fara ba mu aikin waje, kowa ya je ya yi ya dawo ya ba da labari. Baba ya fara da sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Madam ta fara zama a rumfa da safe kawai. Ni aka ce in je teburin mai shayi a tashar mota inda ba wanda ya san ni. Sau biyu ina zuwa ina wucewa kamar mai neman wani. Na dawo na faɗa musu, ba wanda ya zarge ni, suka ce in koma. A karo na uku na zauna na sha shayi da rabin burodi, na kuma gano wani abin da ya ba ni haushi: ba wanda ya kalle ni. Kowa ta cikinsa yake yi. Bayan wani lokaci na fito ciyayyar layinmu, na zauna a bakin tabarma na yi loma kaɗan. Dattijon layin ya ce, “Yau Malam ba a cika ciki a gida ba?” Ya turo mini kwanon miyar kuka ya ci gaba da hirarsa.

Labarin Kuta ne na ƙarshe da na ba su, don shi ya fi yi mini nauyi. Na faɗi komai, har da maganar tsohuwa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Madam mai doya, wadda ko gaisuwa a hankali take yi, ta ɗago kai ta dube ni sosai.

“Malam, ka san abin da ka bar wa tsohuwan nan?” in ji ta. “Mu mun saba. Wani zai zo gidanka, ka ba shi ruwa, ya ce ya gode, ka san dalili, shi ma ya san ka sani. Ba komai, kowa da addininsa. Amma mutum ya yanka da hannunsa, a dafa a sabon tukunya, ya je ya tofar? Ni in ni ne, har in mutu ina duba hannuna.”

Na ce ai ba haka nake nufi ba.

“Ni na sani yanzu, don ka gaya mini. Ita wa ya gaya mata?”

Can hedimasta ya ce to aikin Malam na gaba ya fito. Na yi ta ja da baya. Wannan makon in ce ruwa ya ɓata hanya, wancan in ce aiki ya yi yawa. Duk Laraba kuwa kafin in zauna baba zai ce, “An je Kuta?” Har na fara jin kunyarsu ta fi kunyar zuwan. Wata Asabar, lokacin sabuwar doya, na shiga motar haya na tafi.

Na sami abokina a gida. Ya yi mamaki, amma ya karɓe ni da mutunci, irin mutuncin da ake yi wa baƙon da ba a saba da shi ba. Ya sa aka fito mini da kujera ƙofar gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi aiki, magana ta ƙare. Daga ciki ina jin ana dakan sakwara, ƙanshin miya yana fitowa. Na ce a raina to ga shi nan tafe, na fara jan numfashi a hankali yadda sista ta koya mana, ina shirya hannuna. Sai ga matarsa da faranti. Lemon kwalba ne ba a buɗe ba, ga mabuɗin a gefe, da biskit a cikin takardarsa. Ta ajiye a gabana ta ce sannu da zuwa ta koma. Abokina ya ce in yi haƙuri yana zuwa, ya bi ta ciki. Na ji ana jan kwanoni.

Na daɗe ina kallon kwalbar nan. An kawo mini abin da hannun kowa bai taɓa ba. Watanni na yi ina koyon yadda zan ci in an yi mini tayi, ban taɓa kawowa a raina cewa ba za a yi tayin ba. Abin da ya rage shi ne in roƙa. A gidanmu kuwa ba abin da ake dukan yaro a kansa kamar ya je gidan mutane ya nuna kwaɗayi. Ko yunwa za ta kashe ka, sai an yi maka tayi sau biyu kafin ka miƙa hannu. Zuciyata ta ce in sha lemon in yi sallama, ai na zo, zumunci a ƙafa yake, an gani. Sai na tuna Laraba tana zuwa, kuma madam za ta dube ni.

Na tashi na yi sallama a bakin ƙofar cikin gida. Suna zaune a tsakar gida ana ci, kowa ya tsaya da loma a hannu. Tsohuwa tana gefe a kan 'yar kujera da kwanonta, ta ƙara tsufa. Na je gabanta na durƙusa.

“Mama, yunwa nake ji.”

Ta dubi ɗanta. Sai na faɗa musu. Na ce ciwo gare ni tun ina saurayi, ba na iya haɗiye abinci in ana kallona, ko a layinmu, ko a gaban 'yan'uwana. Na ce azumin ƙarya ne. Na ce yanzu haka asibiti nake zuwa duk mako, ɗakin da ke kusa da na masu taɓin hankali, ana koya mini cin gyaɗa. Wata ƙanwarsa ta kusa yin dariya ta danne. Fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Abokina ya mayar wa tsohuwa maganar da harshensu, a gajarce, bai kalle ni ba.

Tsohuwa ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, “Abinci ya ƙare a tukunya. Sai wannan.” Ta turo mini kwanon da ke gabanta, wanda ta riga ta ci rabi, ga shatin yatsunta a jikin sakwarar. Ta sa aka kawo mini ruwan wanke hannu. Ba ta juya baya ba, ba ta kau da kai ba, ta zuba mini ido, haka ma duk gidan. Hannuna ya yi rawarsa, miya ta ɗiga a gaban rigata. Lomar farko ta tsaya a maƙogwaro har na ji hawaye, na jira ta, ta wuce. Na ƙara wata. Tsohuwa ta ce, “Ci a hankali, ba mai kore ka.” Da ta ga na kusa cinyewa sai ta tsamo wata tsoka daga kwanon jikarta ta jefa mini. Na cinye tas. Ta karɓi kwanon ta duba cikinsa, ta ce wa matar ɗanta wani abu da harshensu, matan suka yi dariya.

Abokina bai yi dariya ba. Da la'asar ya raka ni tasha a ƙasa. Sai da na sami wuri a mota, kusa da taga, sannan ya dafa ƙofar ya sunkuyo.

“Ita ta huce, ka gani,” in ji shi. “Ni abin da ke cina daban ne. Shekara nawa muna tebur ɗaya? Ka ga inda hankalina ya tafi, ka gani sarai. Ka gwammace in ɗauka ƙyamarmu kake yi da in san ba ka da lafiya.”

Ba ƙarya ya yi ba. Na ce, “Haka ne.”

Motar ta daɗe ba ta cika ba, fasinja sai ɗaya-ɗaya suke zuwa, hadari kuma yana haɗowa. Yana nan tsaye a gefen taga, hannunsa a kan ƙofar, bai tafi ba sai da direba ya ta da mota.